Gyara a Gaban Alƙali

Ranar zama na uku a kotu na tashi da wata irin dariya a cikina wadda ban san daga ina ta zo ba. Ina wanke fuska ina murmushi, ina ɗaura ɗankwali bakina ya ƙi rufuwa. Yayata ta leƙo daga kicin da wuƙar yanka burodi a hannu, ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa.

"Auta, lafiyarki kuwa? Kotu fa za mu, ba gidan biki ba."

"Wallahi Yaya ni ma ban sani ba. Ji nake kamar an hura ni da iska."

"To ki riƙe iskar nan da kyau, da ita za ki yi magana. Zo ki ci wani abu kada ki faɗi a gaban mutane."

Wata huɗu ke nan ina zaune a gidanta, tun safiyar da na baro gidan mijina da rigar da ke jikina, jini na bin wuyana daga kunne. Shekara shida muka yi tare. A maɗaba'a yake aiki, shi ne mai duba kuskure kafin a buga katin gayyata ko kalanda ko takardun jarrabawa. Abokan aikinsa suna ce masa Mai Gyara, shi kuwa sunan na yi masa daɗi. Jan biro ba ya barin aljihun rigarsa. Da farko har burge ni yake yi, ina cewa na samu mai ilimi. Idan na ce na dawo ƙarfe huɗu, sai ya ce huɗu da minti bakwai. Daga gyaran magana aka koma gyaran tafiya, gyaran dariya, gyaran yadda nake ninke tawul. Daga baya hannu ya shigo cikin gyaran. Marin ƙarshe shi ya fasa mini dodon kunnen hagu, har yau in mutum ya tsaya ta wannan gefen sai in ga bakinsa kawai yana motsi.

A asibiti ne wata ma'aikaciyar jinya ta rubuta mini lambar wani ofishi da ke haɗa mata irina da lauya kyauta. Wadda aka ba ni 'yar gajeruwa ce, da ƙyar in ta girme ni, tana tafiya kamar ana bin ta a baya. Ita ta shigar da ƙarar neman kotu ta hana shi kusantata, saboda sau biyu yana zuwa ya tsaya a tsallaken gidan burodin da nake aiki, yana kallona kawai. A zaman farko bai zo ba, aka ɗage. A na biyu ya zo, amma takardar likita ba ta shiga fayil ba, aka sake ɗagewa. A nan na gane rabin aikin kotu zaman benci ne.

Tsakanin zaman nan Yaya ta ɗora wa kanta aikin gyara mini murya. Malamar aji biyu ce a firamare, in ta kira suna sai an ji ta a gida na uku. Ni kuwa a shekara shida muryata ta shige ciki, masu sayen burodi kullum sai sun ce, "Me kika ce?" Duk yamma in ta dawo sai ta tsayar da ni a ƙarshen baranda, ita ta koma bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Faɗi sunanki da aikinki!"

In faɗa.

"Ban ji ba! Na bayan aji ba su ji ba! Sake!"

Maƙwabta sun ɗauka karatun yaƙi da jahilci na shiga. Wata tsohuwa ma ta tsayar da ni a hanya ta ce in dage, ilimi ba ya tsufa.

Mun isa kotun da wuri. Na sa sabon takalmi saboda ranar, ashe mai kuka ne. Duk takun da na yi a kan simintin nan mai santsi sai ya ce ƙiiƙ. Na gwada tafiya a kan yatsu, ya ƙara ƙarfi. Ɗan sandan bakin ƙofa ya bi ƙafata da kallo, Yaya ta toshe baki da gefen mayafi, ni kuwa dariyar nan ta taso mini har maƙogwaro. Muka shiga ɗakin da muka saba muka zauna a nutse kamar mutanen kirki. Sai da muka yi kusan minti ashirin muna sauraron wasu dattawa biyu suna rigima a kan reshen bishiya da ya ƙetara katanga, har Yaya ta fara goyon bayan mai farin gemun, sannan Lauya ta leƙo tana haki.

"Ku me kuke yi a nan? An mayar da mu sama! Tun ɗazu nake neman ku!"

Muka bi ta a guje, takalmina na kuka a kowace matakala.

A saman ne na ga mijina. Yana zaune a benci da farar riga mai karin guga, jan biron na aljihu, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ya miƙe ya gaida Yaya da ladabi kamar ranar da ya fara zuwa gidanmu. Nan take dariyar ta mutu. Na ji hannuna ya tafi da kansa yana gyara zaman ɗankwalina don kada ya ga ya karkace. Lauya ta shiga tsakaninmu, duk gajartarta ta rufe mini shi, ta ja ni zuwa wani ɗan ɗaki mai kujera uku da tulin fayil.

"Kalle ni nan," ta ce, ta zagayo ta gefen damana. "Ba da shi za ki yi magana ba, da alƙali za ki yi. Abin da aka tambaye ki shi za ki amsa. In ba ki ji ba ki ce a maimaita. In ba ki tuna ba ki ce ba ki tuna ba, ba laifi ba ne. Lauyansa zai yi ƙoƙarin rikita ki, aikinsa ke nan, ba ƙiyayya ba ce. In kina son ruwa ki nema, in kuka ya zo ki yi abinki."

"In dariya ta zo fa?"

Ta tsaya tana kallona. "Wannan kam ki haɗiye."

Alƙalin dattijuwa ce, tabarau a kan tsinin hanci, ba ta ɗaga kai sai da dalili. Lauya ta roƙi a juya mini wurin tsayawa yadda kunnena mai ji zai fuskanci masu tambaya, aka yarda. Hakan ya sa na ba mijina baya kusan gaba ɗaya, abin da ban taɓa yi ba a shekara shida. Aka rantsar da ni. Alƙali ta ce in faɗi sunana da aikina.

Na cika ƙirji na faɗa yadda Yaya ta koya mini. Magatakarda ya zabura har bironsa ya faɗi. Alƙali ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

"Mun ji, baiwar Allah. Na kan titi ma sun ji. Ki ɗan rage."

"To, ranki ya daɗe."

Na saci kallon Yaya. Tana zaune tana gyaɗa kai kamar ɗalibarta ta zo ta ɗaya.

Lauya ta bi da ni a hankali. Na faɗi yadda aka fara, da lokacin da ya murɗe mini hannu na yi sati ba na iya ɗaga tire, da lokacin da ya kulle ni a ɗaki ya tafi aiki da mabuɗi. Aka karanta takardar likita. Aka kuma karanta amsar da ya rubuto wa kotu, shafi huɗu babu kuskure ko ɗaya. A ciki ya ce bai taɓa ɗaga mini hannu ba, ya ce ranar da na ji ciwo ya riga ya fita aiki, santsin banɗaki ne ya kwashe ni na bugu da bakin baho. Ya ce ni mace ce mai yawan mantuwa da ƙirƙirar abin da bai faru ba.

Sai lauyansa ya miƙe, wani dogo mai sanyin murya.

"Kin ce shekara shida ana dukanki. Me ya hana ki tafiya?"

"Kullum ina ganin in na gyara abin da ya ce, zai daina."

"Kin taɓa kai ƙara wurin 'yan sanda kafin wannan?"

"A'a."

"Ga saƙon waya da kika aika masa bara. Kin rubuta, ka yi haƙuri, laifina ne. Ke kika rubuta?"

"Ni na rubuta."

"To laifin wa ke nan?"

Na nemi ruwa, aka ba ni. Na ce, "Ranki ya daɗe, in ban rubuta haka ba, ba na cin abinci cikin kwanciyar hankali a gidan. Da ya ce in rubuta ni na karya gadar garinmu, da na rubuta."

Wani ya yi 'yar dariya a baya. Alƙali ba ta yi ba, rubutu kawai take.

Lauyan ya juya takarda. "Mu zo ranar da kike cewa an mare ki. Wace rana ce?"

Ranar nan na san ta kamar tafin hannuna, amma a tsayen nan kaina ya zama fanko. Na ji numfashin mijina a bayana, ko kuwa zato nake. Na manta da abin da Lauya ta ce game da rashin tunawa.

"Talata ce," na ce.

"Talata. Kin tabbata?"

"Ina jin Talata ce. Da safe, wajen ƙarfe takwas. Ya ce sukari ya yi yawa a shayi, sai ya mare ni sau biyu."

Na ga fuskar lauyan ta washe, domin takardar asibiti na hannunsa kuma ba Talata ta ce ba. Ya buɗe baki zai yi magana, sai aka ture kujera a bayana.

"Laraba ce!"

Muryar da na sani ce, wadda yake yi in ya kama kuskure a shafin da wani ya riga ya duba.

"Laraba ce, ƙarfe bakwai saura minti goma. Kuma ba sukari ba ne, shayin ne ya huce, sau uku ina gaya mata a satin. Sannan ba sau biyu ba ne, sau ɗaya ne, na biyun ai kaucewa ta yi hannuna ya bugi firji. In za a faɗi magana a faɗe ta daidai!"

Lauyansa yana riƙe da gefen rigarsa, ya ja ya ja, amma mijina bai zauna ba sai da ya kai aya. Sannan ne ya dubi alƙali, ya dubi lauyansa, ya dubi hannun nasa, ya zauna a hankali kamar kujerar ta yi nisa.

Alƙali ta cire tabarau ta ajiye.

"Malam, ba lokacin maganarka ba ne, kuma kada ka sake katse mai ba da shaida. Amma kotu ta ji." Ta juya wurin magatakarda. "Ka rubuta?"

"Na rubuta, ranki ya daɗe. Har firjin."

Ta ba da hutun rabin awa, ta ce lauyan ya gana da wanda yake karewa.

Ban san yadda na fita ba, takalmin dai na ji yana kuka a bayana. Yaya ta ja ni banɗakin mata ta tura ƙofa, muka dubi juna, shi ke nan. Dariya ta kwashe mu. Yaya ta jingina da bango tana dukan cinya tana cewa, "Har firjin! Auta, har firjin!" Ni kuwa na durƙusa na riƙe ciki, numfashi ya gagare ni. In muka ɗan lafa sai ɗaya ta ɗaga yatsa ta ce, "Bakwai saura minti goma," mu sake ɓarkewa. Wata mai shara ta shigo da bokiti ta gan mu, ta ce, "Allah ya sa dai alheri ne," ta juya.

Ban lura da lokacin da dariyar ta zama kuka ba. Na tuna na kauce ɗin, na tuna ƙarar firjin, na tuna yadda ya riƙe hannunsa yana kallona kamar ni na ji masa ciwo. Wata huɗu ina kwana ina tashi da wata murya a kaina tana cewa anya ba ƙari kike yi ba, anya ba santsin ba ne. Shekara shida ana gaya mini ban iya tuna komai daidai ba, har na fara yarda.

"Yaya, ashe ya faru."

"Ya faru mana, ƙanwata. Ni na wanke rigar."

Ta rungume ni har na yi shiru, sannan ta wanke mini fuska da hannunta kamar ina 'yar shekara biyar. Lauya ta ƙwanƙwasa ta shigo, fuskarta a ɗaure, ta ce mu nutsu saura minti biyar. Ta dubi madubi tana gyara wuyan rigarta, sai kafaɗunta suka fara rawa. "Shekara huɗu ina aikin nan," ta ce, "ban taɓa samun mai taimako irin wannan ba."

Da aka koma, lauyansa ya miƙe ya ce wanda yake karewa ba ya jayayya da buƙatarmu. Alƙali ta karanta umarninta a hankali, tana juyowa ta gefen kunnena mai ji. Kada ya kusanci inda nake, ko gidan yayata, ko wurin aikina. Kada ya kira ni, kada ya aiko saƙo, kada ya aiko mutum. Zan je in kwashe kayana tare da ma'aikacin kotu a lokacin da ba ya gida. Za a aika abin da aka rubuta yau ga masu gabatar da ƙara saboda raunin kunnena. Maganar raba aure kuma ta sa mata rana. Ta tambaye shi ko ya fahimta. Ya ce ya fahimta, da wata ƙaramar murya da ban taɓa jin sa da ita ba.

A ƙasa, da aka buga hatimi aka miƙo mini takardar, Lauya ta riƙe hannuna kafin in sa ta a jaka.

"Ki saurare ni. Wannan takarda ce, ba za ta tare ƙofa da kanta ba. Ki yi kwafi, ɗaya a jakarki kullum, ɗaya wurin mai gidan burodinku, ɗaya wurin Yaya. In kin gan shi ko daga nesa ne, kada ki tsaya tunanin ko kuskure ne, ki kira 'yan sanda sannan ki kira ni. Kwanakin farko su ne abin kula. Kada ki riƙa dawowa daga aiki ke kaɗai tukuna."

Na ce na ji. Kuma na bi duk abin da ta ce, har wata biyu Yaya ko wata abokiyar aikina ke raka ni tashar bas.

Ranar Asabar muka je kwasar kaya da wata motar ɗaukar kaya da mai gidan burodinmu ta ara mana. Ma'aikacin kotu ya tsaya a bakin ƙofa da takarda a hannu. Na ɗauka zan ji tsoron gidan, sai na ga ashe ɗan ƙarami ne, falon ma taku biyar ne. Na ɗauki katifata da akwatuna biyu da tukwanen da mahaifiyarmu ta bar mini da babban madubina. Matar da ke ɗaki na kusa, wadda shekara shida gaisuwa kawai ke haɗa mu, ta fito ta kama mini gefen katifar ba tare da an roƙe ta ba. A bakin mota ta ce, "Ina ji ta bango, ban san abin da zan yi ba. Ki yafe ni." Na ce babu komai, kuma har zuciyata na faɗa.

Gaban motar mutum biyu yake ɗauka har da direba, Yaya ta ce in shiga. Na ce a'a, bayan nake so. Na haye kan katifa na rungume madubi, ita ma da ta ga haka ta tattare zani ta hau, tana cewa in wani ɗalibinta ya gan ta mutuncinta ya zube. Duk ramin da direba ya faɗa sai mu yi sama mu dawo muna ihu, tukwane na kiɗa a bayanmu. A wajen fitilar kan hanya wani mai babur ya tambaya ko amarya ake kaiwa. Yaya ta ce, "Dawo da ita ake yi!" Ya ɗaga mana hannu ya ce Allah ya sa albarka, bai ma gane ba.

Bayan wata biyu da rabi aka raba auren, zaman bai kai awa ɗaya ba. Shari'ar raunin kunnen ta ɗauki lokaci fiye da haka, sau uku ina komawa, a ƙarshe aka same shi da laifi. Kunnen bai dawo ba, likita ya ce sai dai na'ura, ina nan ina shawara.

Na kama ɗaki ɗaya a hawa na biyu, tafiyar minti goma zuwa wurin aiki, tagarsa na kallon wani filin da ake koyon tuƙin mota. Ranar da na tare Yaya ta zo da labulen da ta ɗinka mini da kanta, muka rataya, ya tsaya a rabin taga. Ta ce tagar ce ta cika tsawo. Ta duba sakatar ƙofa sau uku, ta yi sallama sau uku, kowane karo sai ta dawo daga matakala da wani abin da ta manta ba ta gaya mini ba. Da ƙyar na tura ta ta tafi. Na jawo kujera bakin taga na zauna da ƙafafuna a kan akwati, ina kallon wata mata mai jan mayafi tana koyon ja da baya, ta ture wani duro da aka ajiye don alama har sau huɗu, malamin nata na riƙe da kai. A karo na biyar ta wuce shi lafiya, na leƙa ta taga na tafa mata.